Faifan 1917: ranar rajista ce, ba ranar haihuwa ba

A shekarar 2017 jaridu da gidajen rediyo da dama a Turai da Amurka sun yi shagalin abin da suka kira cikar kiɗan jaz shekara 100 da haihuwa. Lissafinsu mai sauƙi ne. Ranar 26 ga Fabrairu 1917 wasu samari biyar, dukkansu farar fata ƴan asalin birnin Niyu Oliyans, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Victor a Niyu Yok, suka yi kiɗa biyu, a watan Maris aka fitar da faifan garmaho mai lamba 18255, ɗauke da sunan ƙungiyarsu, Original Dixieland Jass Band. A gefe guda akwai «Livery Stable Blues», a ɗaya gefen «Dixie Jass Band One-Step». Daga wannan faifai kwanan watan ya shiga ƙamus, daga ƙamus ya gangaro har allon aji. Malamin faransanci da ya zo kan waƙar Senghor «À New York», wadda mai ita ya ce a karanta ta tare da makaɗan jaz da busar ƙaho, in ɗalibi ya tambaye shi asalin wannan kiɗa, abin da zai tarar a kusa da hannunsa ke nan: 1917, Niyu Yok, Nick LaRocca.

Abin mamaki shi ne malaman Nijar su karɓi wannan lissafi, alhali babu wanda ya fi su sanin ƙaryarsa. Kowane daraktan makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya taɓa riƙe takardar alƙali, wadda ake kira jugement supplétif, ta yaron da aka haifa a ƙauye, aka yanka masa rago, ya yi rarrafe, ya yi kiwo, sai da lokacin jarrabawa ya gabato sannan aka je aka samo masa ranar haihuwa. Ba wanda ya taɓa cewa ranar da alƙali ya sa hannu uwarsa ta yi naƙuda. Faifan Victor irin wannan takarda ce. Har ma ta fi ta yaron ƙauye matsala, domin sunan uban da aka rubuta a kanta kotu ce da kanta ta soke shi, wata bakwai kacal bayan fitowar faifan.

Ga yadda abin ya wakana. Ƙungiyar ta bar Niyu Oliyans zuwa Shikago a watan Maris 1916, tana wasa a gidajen rawa. A lokacin mai busa kilarinet ɗinta Alcide Nunez ne. Kafin ƙarshen shekarar suka ɓata da LaRocca, mai busa kornet kuma jagora, aka maye gurbinsa da Larry Shields. A farkon 1917 suka sami aiki a gidan cin abinci na Reisenweber a Niyu Yok, jama'a ta yi ca a kansu, Victor ya kira su. Waɗanda suka shiga ɗakin su ne LaRocca, Shields, Eddie Edwards mai torombon, Henry Ragas mai piyano, da Tony Sbarbaro mai ganguna. A zamanin babu makirfo. Cikin wani babban mazurari ake busawa, allura tana zana sautin a kan kaki, kuma kiɗa ba ya wuce minti uku da ƴan kai. Abin da ya sa faifan ya yi kasuwa shi ne wata dabara ta ban dariya: a tsakiyar kiɗan sai kowa ya tsaya, kilarinet ya yi carar zakara, kornet ya yi haniniyar doki, torombon ya yi kukan saniya. Ma'anar sunan ma ke nan, bargar dawakin haya.

Sai aka yi sakaci. LaRocca da manajansu Max Hart sun yi rajistar kiɗan da sunan «Barnyard Blues», amma a goshin faifan «Livery Stable Blues» aka buga. Nunez, wanda yake Shikago da jin haushin korarsa, ya lura sunan da ke kan faifan ba shi da mai shi a ofishin rajista. Shi da wani mai busa kornet, Ray Lopez, suka kai kiɗan wurin maɗaba'ar Roger Graham, aka buga shi a takarda da sunayensu. Hart ya kai ƙara. A watan Oktoba 1917 aka zauna a kotun tarayya ta Shikago, gaban alƙali George Carpenter, ƴan jarida suka cika ɗaki suna ta raha, domin ba su taɓa ganin an gurfanar da kukan saniya gaban shari'a ba.

Hukuncin ya cancanci a karanta wa ɗalibai shi fiye da kwanan watan faifan. Alƙali ya ajiye kukan dabbobi gefe guda, ya dubi karin kiɗan kansa. Shaidu sun faɗa masa cewa an daɗe ana jin wannan kari da sunan «More Power Blues». Ya gwada biyun, ya ga kamar ta yi yawa, ya yanke cewa ba LaRocca da mutanensa ne suka ƙago shi ba, ba kuma Nunez da nasa ba. Ba wanda ya ci shari'ar. Wato tun a shekarar da ake cewa an haifi jaz, wata kotun Amurka ta rubuta baƙi a kan fari cewa kiɗan da ke kan «faifan farko» ya girmi faifan, kuma masu jayayya a kansa duka tsintarsa suka yi.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa a nan, domin shi ne zuciyar maganar. Masu ƙara farar fata ne, waɗanda ake ƙara farar fata ne. Zubin da suke jayayya a kansa kuwa, bulus mai gaɓoɓi 12, kowa ya san daga bakin baƙar fatar kudancin Amurka ya fito, W. C. Handy ya riga ya buga «Memphis Blues» a 1912 da «St. Louis Blues» a 1914, kuma shi kansa bai ɓoye cewa daga bakin talakawa ya ji wannan salo ba. Amma a cikin waɗanda suka tsaya gaban alƙali suna neman haƙƙi babu baƙar fata ko ɗaya. Da kotu ta ce kiɗan ba na wannan ba ne ba na wancan ba, sai ya zama na kowa. Kalmar tana da daɗin ji. Sai dai a aikace «na kowa» na nufin duk mai injin bugawa da mai injin ɗaukar sauti ya ɗiba ya sayar ba tare da ya biya kowa ba, waɗanda suka rene shi a gidajen rawa na unguwannin talakawa kuwa ko anini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A juya faifan a ga ɗaya gefen, nan darasin ya cika. «Dixie Jass Band One-Step» ma an kama shi da kayan wani. Wani sashe nasa an ɗauko shi ne daga «That Teasin' Rag», kiɗan da Joe Jordan ya tsara a 1909. Jordan baƙar fata ne, amma ya iya solfej, ya yi aiki a matsayin mai tsara kiɗa a gidan wasan Pekin na Shikago, kuma kiɗansa yana rubuce, an buga shi, an yi masa rajista. Da aka tayar da magana, dole kamfanin Victor ya sake goshin faifan ya sa sunan kiɗan Jordan a kai. Faifai ɗaya, gefe biyu, aro biyu. Aron da aka yi wa mai takarda an gane shi, an rubuta shi. Aron da aka yi wa marasa takarda ya narke ya zama dukiyar jama'a. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ba ta da kunne, ido kawai gare ta: abin da aka ajiye mata a rubuce shi take karewa, kuma sai a 1972 dokar tarayya ta fara kare sautin da aka ɗauka. Kiɗan da asalinsa a kunne ake koyonsa, wanda daɗinsa yake cikin yadda kowane mabushi yake lanƙwasa kari a daren da yake busa shi, ya faɗa hannun dokar da ba ta san komai ba sai tawada.

Da wannan idon ya kamata a sake duban labarin Freddie Keppard, wanda ake yawan bayarwa don a wanke kamfanoni. Keppard mai busa kornet ne, Kiriyol baƙar fata na Niyu Oliyans, yana cikin Original Creole Orchestra, ƙungiyar da ta zagaya gidajen wasan Amurka daga 1914 zuwa 1918, har Niyu Yok, tun kafin samarin LaRocca su taka can. Tsofaffin makaɗa sun riƙa cewa Victor ya nemi ɗaukarsa ya ƙi, wasu suka ce tsoron a sace masa salo ya yi, wasu suka ce a kan kuɗi aka rabu. Masu ba da labarin sukan ƙare da girgiza kai, wai ga mutumin da tarihi ya ƙwanƙwasa wa ƙofa ya ƙi buɗewa. To, in har tsoron sata ne ya hana shi, shari'ar Shikago ta nuna mutumin ya fi masu yi masa dariya fahimtar zamaninsa. Kuma ko da ya ƙi, mutum ɗaya ne. Ƙin mutum ɗaya ba ya bayyana dalilin da ya sa sai a 1922 aka ɗauki Kid Ory da ƙungiyarsa, a wani ƙaramin kamfani a Los Anjalas, kuma sai a watan Afrilu 1923 King Oliver da matashin mabushinsa Louis Armstrong suka shiga ɗakin kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiyana. Shekara shida ke nan bayan faifan Victor. Manyan kamfanoni ba su yarda cewa baƙar fata na da kuɗin sayen faifai ba sai da «Crazy Blues» na Mamie Smith ya fito a 1920 aka yi ta rububinsa.

Kalmar «farko» ɗin ma tana rawa in an matsa ta. Ƙungiyar James Reese Europe, ta baƙar fata, ta yi faya-fayai a Victor ɗin nan tun Disamba 1913, Wilbur Sweatman kuma ya ɗauki «Down Home Rag» da kilarinet ɗinsa a Disamba 1916. Masana suna kiran waɗannan ragtaim, suna cewa ba su kai jaz ba tukuna, kuma suna da hujjarsu. Amma makaɗan Niyu Oliyans su ma ragtaim suke kiran abin da suke yi. Kalmar jaz ba daga garinsu ta fito ba: a shafukan wasan besbol na jaridun Kaliforniya aka fara ganinta a 1912 da 1913, sai a 1915 aka fara liƙa ta ga kiɗa a Shikago. Abin da faifan 1917 ya riga kowa da shi tabbas shi ne haɗa sautin Niyu Oliyans da wannan sabon suna a kan kayan sayarwa. Ya yi zanen suna ne ga yaron da ya riga ya fara gemu. Buddy Bolden, wanda tsofaffin garin suka haɗu a kan cewa shi ne babban mabushin farko na wannan salo, an kai shi asibitin masu taɓin hankali na Jackson a Luwiziyana tun 1907, shekara goma cif kafin «haihuwar».

Adalci ya wajaba ga samarin biyar ɗin, domin polemik da ba ta yi wa abokin gaba adalci ba zagi ce kawai. Sun iya kiɗa. A Niyu Oliyans suka tashi, cikin hayaniyar da ta reni kowa, wasunsu sun yi koyo a ƙungiyoyin busa na Papa Jack Laine. LaRocca ɗan baƙi ne daga tsibirin Sisiliya, kuma ƴan Italiya a garin ba ƴan gata ba ne: a 1891 gungun mutane suka fasa kurkuku suka kashe 11 daga cikinsu. Armstrong ya sayi faya-fayansu yana saurayi, ya kuma yaba musu daga baya. Bix Beiderbecke da faifansu ya koyi busa. A 1919 suka kai wannan kiɗa Landan. Da a nan LaRocca ya tsaya, da ba wanda zai taɓa shi. Sai dai da tsufa ya zo, ya ga tarihi yana ɗaga Oliver da Armstrong, ya shiga rubuta wasiƙu yana cewa shi ne ya ƙirƙiro jaz, farar fata ne suka yi shi, baƙar fata koyo suka yi a wurinsu. Littafin H. O. Brunn na 1960 a kan ƙungiyar ya bi wannan hanya. LaRocca ya rasu a 1961 yana kan bakansa. Hujjarsa mafi ƙarfi kuwa ita ce faifan: ga shi nan, ga kwanan wata, ku kawo naku. Mutumin da aka buɗe wa ƙofa saboda launin fatarsa, a ƙasar da kotun ƙoli ta halatta wariya a 1896 a shari'ar Homer Plessy, wanda shi ma ɗan Niyu Oliyans ne, ya juyo yana tambayar waɗanda aka bari a waje me ya sa babu sawunsu a ɗaki. Duk malamin da ya rubuta «an haifi jaz a 1917» a kan allo, ko ya sani ko bai sani ba, hujjar LaRocca yake maimaitawa.

Amsar wannan ba a sauke LaRocca a ɗora wani ba ne. Jelly Roll Morton ya yi shelar a 1938 cewa shi ne ya ƙago jaz a 1902. Takardar baftismarsa ta nuna 1890 aka haife shi, wato yana ɗan shekara 12 ke nan. Gwanin piyano ne, mai tsara kiɗa na ƙwarai, kuma hirarrakin da Alan Lomax ya ɗauka da shi a Laburaren Majalisar Amurka a 1938 taska ce. Amma cutar guda ce da ta LaRocca, neman uba ɗaya ga abin da gari ya haifa. Morton ɗin ne ma ya ce «Tiger Rag», wanda LaRocca ya sa wa sunansa, daga tsohuwar rawar kadiril ta Faransawa aka tsamo shi. Ko a bakin mai da'awa, in ya saki jiki, sai asalin ya koma hannun jama'a.

Saura wata amsa da ta fi wannan haɗari a wajen ƙungiyoyin al'adu, domin tana shafa zuciya. Ita ce ta masu cewa ai jaz kiɗan Afirka ne, an sace shi ne a jirgin bayi, goge da gurmi ne suka sa kwat. Maganar ba ta rasa tushe ba. Mafi yawan bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana tsakanin 1719 da 1731 daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, kuma har ƙarni na 19 bayi suna taruwa ranar Lahadi a dandalin Kongo na Niyu Oliyans suna kiɗa da rawa. Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun kawo hujjoji cewa yadda ake lanƙwasa murya a bulus ya fi kama da waƙar makaɗan tsirkiya na ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, har da ta Hausawa, fiye da gangunan bakin teku. Wannan bincike ne mai daraja. Amma a kan bulus na karkarar Misisipi ya fi ƙarfi, kuma kama yake nunawa, ba takardar gado ba. Kornet da torombon da kilarinet daga badujalar soja suka zo. Jituwar muryoyi daga waƙoƙin coci ta zo. Akwai kadiril, akwai opera ta Faransawa da Kiriyol suke zuwa saurare, akwai takun rawar Kyuba. Waɗanda suka narka waɗannan duka suka fitar da sabon abu jikokin bayi ne da Kiriyol, a cikin talauci da wariya, a gari guda, cikin kamar shekara ashirin. Wanda ya zauna a Tawa ko Yamai ya ce «namu ne» ya ƙwace musu aikinsu karo na biyu, da murmushin ɗan'uwa a maimakon lauyan maɗaba'a.

Masu yawo ƙauyuka da na'urar ɗaukar sauti suna da rabonsu a wannan shari'a. Duk kaset ɗin da aka rubuta wa «waƙar gargajiya» ko «folklore», ba sunan mawaƙi, ba garinsa, ba wanda ya koya masa, ba ranar ɗauka, hukuncin alƙali Carpenter ne aka sake yankewa, ba tare da ko shaidu ba. Mai gurmin da ya rera ta yana da suna, kuma in an tambaye shi zai faɗi daga wa ya ji, ya nuna inda ya ƙara nasa. Tambayar ce ba a cika yi ba. A Niyu Oliyans ma sai a 1958 jami'ar Tulane ta kafa taskar jaz ta shiga bin tsofaffin makaɗa da na'ura tana yi musu ita, lokacin da yawancin na farko sun riga sun kwanta dama.

Abin da ya dace a rubuta a allo ya fi tsawo kaɗan, amma alli ba zai ƙare ba: kiɗan ya tsiro a Niyu Oliyans tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, a hannun baƙar fata da Kiriyol, farar fatar garin suka koya suka yi nasu, a 1917 aka fara sayar da shi a faifai da sunan jaz, a shekarar kuma kotu ta ce waɗanda suka ɗauka ba su ne suka ƙaga ba. Ɗalibin da aka ba wannan zai iya komawa kan Senghor ya gane dalilin da ya sa mawaƙin ya juya wa dogayen benayen Manhatan baya ya nufi Harlem.

Ranar 1 ga Janairu 2022, bisa wata dokar Amurka ta 2018, duk faya-fayan da aka fitar kafin 1923 suka fita daga hannun kamfanoni suka zama na jama'a. Faifan Victor mai lamba 18255 yana cikinsu, bayan shekara 104 yana da mai shi. Bolden ya rasu a asibitin Jackson a 1931, aka binne shi a maƙabartar talakawa ta Holt, a kabarin da ba a sa wa alama ba, kuma har yau ba a tsinci faifai ko ɗaya mai busarsa ba.